Yayen Itace

Godiya ta tabbata ga Mai rayar da ƙasa bayan ta bushe, wanda ke sanya hikima a bakin da Ya so.

A gabashin garin akwai makabarta, a bayan katangarta kuma akwai kwazazzabo. Tsofaffi sun san shi yana 'yar hanyar ruwa wadda akuya ke tsallakewa ba tare da ta daina tuƙa ba. Amma tun da aka sare itatuwan kan tudu, kowace damina sai ya ƙara buɗe baki, har ya ci gonaki biyu da tsohuwar hanyar kasuwa, sannan ya fuskanci mamata. Kabarin da ke jikin katangar, wanda zai fara faɗawa idan ƙasa ta zabtare, na mijin Ungozoma ne.

Ita ba ta shiga makabarta. Duk Juma'a da hantsi takan tsaya a bayan katangar, ta yi wa mijinta da maƙwabtansa addu'a, sannan ta jingina dugaduganta da bango ta ƙirga taku zuwa bakin ramin. Shekarar da aka binne shi taku ashirin da uku ne. Bara tara. Bana bakwai.

Mutanen garin ba su naɗe hannu ba. Sun jera buhunan yashi da duwatsu a bakin ramin, sai dai maginin da ya jagoranci aikin bai ɓoye musu gaskiya ba: buhu 'yan daminoni yake yi ya ruɓe, abin da zai riƙe ƙasa bayansa saiwar itace ce, idan kuwa babu ita, to, sai a tone sahun farko na kaburbura a sake musu makwanci. Don haka suka kafa ƙungiya, suka kewaye fili a bayan masallaci, suka yi rumfa, suka gina kwatami inda ruwan alwala ke taruwa, domin ruwan da ya wanke fuskokin masallata ya shayar da tsiro. Wurin suke kira Reno. Shugaban ƙungiyar Tela ne, ƙanin mijin Ungozoma, mutum mai taushin zuciya wanda ko kaza ba ya iya kallo ana yankawa. Ita kuwa, da gwiwa ta hana ta yawon karɓar haihuwa, sai ta koma zama a Reno tana cika ledoji da ƙasa da taki.

Bara sun reni tsiro dubu: bagaruwa da gawo da kurna da tsamiya. Tela yana ba su ruwa safe da yamma, in ya ga ganye ɗaya ya langaɓe ya ƙara musu na azahar. Suka tashi kore shar, dogaye, masu taushi, duk wanda ya leƙa sai ya ce masha Allah. Aka dasa su bayan ruwan farko. Sai sama ta ɗauke kwana goma sha shida, suka ƙone kamar an bi su da wuta, in ban da talatin da 'yan kai.

Kowa ya ce ƙaddara ce, kuma ƙaddarar ce. Amma Ungozoma ta san waɗannan talatin ɗin. Su ne na kusurwar da rumfa ta yage, nesa da kwatami, inda bokiti ke isa saura kaɗan a gindinsa. Gajeru ne, masu kaushi, ba wanda ya so ɗaukarsu ranar dashe, ita ce ta kwashe ragowar ta dasa su. Ta shafe rani tana juya abin a ranta, ita da ta yi shekara arba'in tana ganin abin da ke sa ɗan mutum ya tsaya da ƙafarsa.

Da ya rage wata guda damina ta faɗi, sai ta yi sallama a shagon Tela. Yana kan keke, tef rataye a wuyansa, allura a bakinsa.

“Ƙanin miji, ara mini almakashinka.”

Ya zare allurar. “In furfura za ki rage, Yaya, ki bar wahalar da ƙarfe. Gobe za ta dawo da ƙannenta.”

“Cibiya zan yanke.”

“Wa ya haihu ban ji ba?”

“Kai mana. 'Ya'ya dubu, duk sangartattu.”

Ya yi dariya ya miƙa mata tsohon. Bai san abin da ya ba da aro ba sai da yamma, da ya tarar da ita tana ɗaga ledoji ɗaya bayan ɗaya. Duk tsiron da saiwarsa ta huda leda ta shiga ƙasan Reno tana shan danshi, sai ta datse ta, ta ajiye ledar a sabon wuri. Washegari ta sa aka yaye kashi ɗaya cikin huɗu na rufin rumfa, bayan kwana biyar aka ƙara. Ruwa kuma ta mayar da shi sau ɗaya a yini, daga nan sai bayan kwana biyu. Matan da ke aikin tare da ita ba su musa mata ba, domin da yawansu a hannunta suka faɗo duniya. Da suka tambaye ta sunan wannan aiki, ta ce, “Yaye.”

Ganye ya fara rawaya. Wasu suka sunkuyar da kai tun hantsi. Ita kanta in ta bi layi takan ji abin yana sukar ta, amma ba ta nuna ba. Sai wata rana ta tura yatsa cikin wata leda da ba ranar ruwanta ba, ta ji danshi. Ta gwada ta kusa da ita, ita ma haka. Ranar da ta biyo, maimakon ta tafi gida da azahar, ta zauna a bayan tarin taki. Ana sallame salla sai ga Tela ya shigo da buta a ƙarƙashin riga, yana ɗiga wa kowane tsiro kaɗan kaɗan, yana waiwaye. Ya koma ya ciko, ya sake komawa.

A zuwa na huɗu ta ce, “Alwala nawa kake yi wa azahar ɗaya?”

Butar ta kusa suɓuce masa. Da ya dawo hayyacinsa bai yi wasa ba. “Yaya, ki ji tsoron Allah. Abu mai rai yana ƙishi, ga ruwa a kwatami.”

“Kowane yaye yana da mai ɓata shi. Da kakanni na saba faɗa, yau ga ni da tela.”

Maganar ta kai gaban Liman bayan la'asar, a barandar masallaci. Maza suna kan tabarma, Ungozoma ta zauna daga gefe, a bakin matakala. Tela ya fara, kuma ya yi magana mai kyau: cewa shayarwa sadaka ce, cewa ya ji tun yana yaro ana tsoratar da mai hana abin da ya tsare ci da sha, kuma waɗannan a cikin leda suke, ba su da ƙafar zuwa rijiya.

Liman ya juya. “Inna, me kika ce?”

“Allah gafarta Malam, ni ban yi karatu mai nisa ba. Amma uwar da ta janye nono, yaro yana kuka har muryarsa ta dishe, ga nonon yana zuba a rigarta, azzaluma ce?”

“A'a.”

“To, in ta bar shi a nono har ranar da za a kai shi inda babu ita fa? A bakin ramin can babu rumfa, babu kwatami, babu Tela da butarsa. Bara mun ɗauki 'yan gata daga inuwa muka ajiye su a rana, yini ɗaya. Mu muka kashe su da so. Waɗanda suka rayu su ne waɗanda muka manta da su.”

Liman ya daɗe yana shafa gemu. Sannan ya ce dukansu biyu rahama suke nufi, kuma ba ya ganin zunubi a kan mai rage ruwa don gyara, kamar yadda babu a kan mai magani mai ɗaci. Amma wane ne ya yi daidai, wannan ba a littafinsa yake ba, a ƙasa yake. A raba tsiron biyu, kowa ya reni ɗari biyar yadda ya gani.

Tela ya yarda, sai dai ya ce a dasa nata can wajen tsohuwar hanyar kasuwa, inda ko sun mutu ba a yi asarar komai ba, nasa kuma a jikin katanga.

Ungozoma ta ce, “Nawa ne za su tsaya a jikin katanga.”

“Yaya, in kin yi kuskure, shi za a fara tonewa.”

“Na sani. Mijina ne.”

“Yayana ne kuma. Ciki ɗaya.”

Ta gyara mayafinta, ta dube shi, muryarta ba ta ɗaga ba. “Shekara talatin da takwas na zauna da shi, ban taɓa ajiye masa abin da ban yarda da shi ba. Ba zan fara yanzu da ba ya iya cewa ya ƙi ba.”

Tela ya sunkuyar da kai, ya daɗe yana murza tef ɗin wuyansa. Ya ce, “A ba ta katangar.”

Ranar dashe nasa suka fito kamar masu zuwa gaisuwar surukai, nata kuwa guntaye, masu tauri, rabin ganyensu ya zube. Wani ya ce ko tsintsiya aka kawo a dasa, aka yi dariya, ita ma ta murmusa. Kafin a watse Tela ya ja tef ɗinsa daga katanga zuwa bakin rami, ya ce yadi biyar cif, ya rubuta da alli a jikin bango.

Aka yi ruwa sau uku, sai sama ta ɗauke. Kwana goma, kwana goma sha biyar. Rijiya ta ja baya, ruwan da ake iya kaiwa bakin ramin bai isa ko rabin layi ba. Ranar Juma'a Ungozoma ta je ta ga nata sun zama tsinke, babu ganye ko na rantsuwa. Ba ta ƙirga taku ba a ranar. Ta koma gida ta shimfiɗa darduma, ta roƙi Ubangiji cewa idan girman kai ne ya yi magana da bakinta a barandar masallaci, Ya yafe mata, kada Ya kama bawan da ke kwance da laifin harshenta.

A kwana na goma sha tara hadari ya haɗo, aka yi ruwa mai yawa. Bayan kwana huɗu ta fita da sassafe tana dogara sanda. Tun daga nesa ta hango mutum tsugune a jikin katanga. Tela ne, yana kankare ɓawon tsinken da farce. Da ta iso bai gaishe ta ba, sai ya nuna mata: ƙarƙashin ɓawon kore ne, ɗanye, ga kuma ƙananan idanun toho sun fashe a jikin reshe.

“Na ƙirga sau biyu,” in ji shi. “Naki ɗari huɗu da talatin suna numfashi. Nawa sittin da ɗaya.”

“Allah Ya ji ƙan sauran. Sun ji daɗi a duniya.”

Ya yi dariya, idonsa na ƙwalla. “Ki riƙe almakashin, Yaya.”

Damina biyu suka wuce bayan wannan. Buhunan suka ruɓe kamar yadda magini ya faɗa, amma bagaruwa ta riga ta saƙa saiwarta a cikin duwatsun, gawo ya wuce kan mutum, ciyawa ta kama a inuwarsu. Daga garuruwan da ke kusa aka fara turo mutane Reno su ga yadda ake yaye, Tela ne kuma ke yi musu bayani, da muryar wanda aka haifa da sanin abin. Ungozoma takan bar shi ya gama, sannan ta ce wa baƙin su kula da masu yawan alwala.

Juma'ar da ta biyo bayan ruwan ƙarshe, ta tsaya a bayan katanga ta yi addu'arta, Tela yana gefe. Ta jingina dugaduganta da bango, ta ratsa tsakanin itatuwan tana kare fuska daga ƙaya, tana ƙirgawa a fili. Da ta kai bakin ramin sai ta tsaya, ta juyo.

“Takwas. Ƙanin miji, ramin ya ja da baya.”

“Takunki ne ya gajarta, Yaya. Tsufa ba ya cike rami.”

Ya durƙusa ya ja tef ɗinsa ta ƙarƙashin rassan, ya duba, ya duba rubutun allin da yake sabuntawa duk shekara.

“Yadi biyar cif. Ko ɗan yatsa bai ci ba.”

Ta ce, “Alhamdu lillahi.” Ta dafa katangar da tafin hannunta, ta ɗan jima a haka, kamar mai isar da saƙo. Sannan ta ɗauki sandarta.

“Ka rubuta biyar ɗinka. Ni takwas na ƙirga.”