Hanyar da Ta Ɗauke Yaya

Auta tana ajin ƙarshe na sakandare lokacin da malamin tarihi ya tsayar da ita a bakin aji, ya ce lokacin zaɓen jami'a ya yi. Jami'ar garinsu tana da sashen tarihi, amma suna ne kawai, malaman ma sun watse. Wata ta nesa kuwa tana da ɗaki guda cike da tsofaffin takardu da jaridu, da muryoyin dattawa a kaset.

"Can ne wurinki," in ji shi.

A wannan jami'ar Yayanta ya yi karatu, kuma a hanyar dawowa hutu motarsu ta kife a wata kwana, aka kawo gawarsa gida. Tun daga ranar ba a sake ambaton makarantar a gidansu ba.

Ta daɗe tana juya maganar a ranta. Ranar da ta furta, Abba, wanda tela ne, yana ɗinki a tsakar gida, Umma kuma tana guge farar rigarta ta aikin jinya.

"Tarihi?" Abba ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Ki je ki zauna da kakarki mana, kyauta za ta ba ki, har da na waɗanda ba ki tambaya ba."

Umma ba ta ɗago ba. Sai da ƙaurin ƙuna ya tashi sannan ta ɗauke dutsen gugar daga kan rigar, ta shige ɗaki. Kwanaki suka wuce, abinci ma sai ta taɓa ta ture. Auta har ta fara shirin cewa ta fasa, sai ga Umma a ƙofar ɗakinta wata safiya da jaka a hannu.

"Tashi ki shirya. Zan ga wurin da idona."

Suka zauna a tsakiyar bas. Direban matashi ne mai son gudu, duk motar da ya wuce sai Auta ta runtse ido. Umma ta riƙe ƙarfen kujerar gaba, leɓɓanta na motsi, ba ta ko kalli taga ba. Auta ba ta san wace kwana ce ta Yaya ba, don haka kowace suka tunkara sai ta ce ita ce.

Bayan wata gada direba ya taka birki da ƙarfi, kaya suka zubo, wata mata ta ƙwala ihu. A gabansu wata ƙaramar mota ce kwance a gefen titi, tayoyinta a sama, ɗaya na juyawa.

Umma ta miƙe.

"Umma, don Allah kar ki fita!"

Ta zare hannunta daga na Auta ta sauka. Auta ta zauna a kujerarta. Ta taga ta hango an jawo wani saurayi, an kwantar da shi a kan ciyawa, takalminsa ƙafa ɗaya. Littattafai sun warwatse a kwalta. Sai ta ji Umma ta kira ta da muryar da take kiran mutane a asibiti.

"Auta! Zo nan. Danna nan da ƙarfi, kar ki saki ko me ya ce miki."

Ta durƙusa ta danna mayafin Umma a kan cinyarsa. Jinin da ɗumi. Saurayin yana ta tambaya ko zai mutu, Umma tana ce masa, "Ba yau ba, ɗan nan, kalle ni." Auta tana kuka, amma ba ta saki ba har motar asibiti ta zo ta ɗauke shi da ransa.

Sun isa jami'ar ana shirin rufe ofisoshi, hannayen rigunansu sun bushe da jini. Wata malamar sashen, gajeruwa mai tabarau, ta gan su a baranda ta tsorata. Da ta ji abin da ya faru, sai ta kai su famfo suka wanke hannu, sannan ta buɗe musu ɗakin takardun. Akwatuna ne jere har rufi, ga ƙamshin tsohuwar takarda. Ta ɗora wa Auta abin saurare a kunne ta kunna kaset, muryar wata tsohuwa ta fito tana ba da labarin shekarar da ruwa ya cinye garinsu. Auta ta tsaya cak tana saurare.

Umma ba ta duba akwati ko ɗaya ba. Tambayoyi ta jero wa malamar: ina ɗakin kwanan 'yan mata, akwai asibiti a ciki, sau nawa ake hutu.

Da suka fito suka zauna a kan wani benci, Umma ta daɗe tana kallon ɗalibai suna wucewa.

"Kina so?"

"Ina so, Umma. Amma tsoro nake ji."

"Ni ma. Ba kuma zai bar ni ba." Ta share fuska da bayan hannu. "Ki zaɓe ta. Amma ba ke ba dawowa kowane ƙaramin hutu, ba ke ba motar yamma. In kin shiga mota ki kira ni, in kin sauka ki kira ni."

Suka kwana a wurin malamar, washegari suka bi hanyar nan suka koma, Auta ido a runtse rabin tafiyar. Da ta koma makaranta ta sa jami'ar nesa a zaɓinta na farko, kuma aka ɗauke ta. Ranar tafiya Abba ya raka ta tasha, ya zagaya motar yana duba tayoyi ɗaya bayan ɗaya, har direba ya tambaye shi ko saye zai yi. Umma ba ta je ba. Ta zauna a gida da waya a cinya, ba ta motsa ba sai da wayar ta yi ƙara.