Yunwar Teku

Iya Fusae ta zaro fallen nori guda cikin waɗanda injin ya busar da safen nan, ta kara shi da taga, sai ga shi tana hango rufin maƙwabta ta cikinsa. Ganyen tekun nan da ake naɗe shinkafa da shi, in na kirki ne baƙi wuluk yake, yana sheƙi. Wannan kuwa ya koɗe, ya koma kalar tsohuwar tabarma.

"Wannan ai sai dai a liƙe ƙofar takarda da shi," ta ce.

Ɗanta Katsuji yana durƙushe yana kwance bel ɗin injin, bai ɗago ba. "Na kowa haka yake, Inna. Dillalan birni sun zo, sun duba, sun yi godiya, sun koma motarsu."

"Ruwa ba ya tsami banza. Ba ku wanke ragar da yake tsirowa a kai da kyau ba."

"Mun wanke. Ruwan ne ba abinci a cikinsa. Ya yi tsafta har ya wuce wuri, ga sanyi ba ya shigowa da wuri kamar da." Ya goge hannu a wando. "Yau bayan cin abincin rana ƙungiya za ta zauna. So muke mu roƙi hukuma ta sassauta matatar ruwan gari lokacin sanyi."

"Wato a zubo muku najasa a teku."

"Tatacce ne, Inna. Ɗan takin da ke ciki kawai za a bari ya wuce."

Ta ajiye fallen a hankali. Yaran yanzu ba su san abin da ake kira teku mai datti ba. Lokacin da aka kawo Fusae garin nan tana amarya, in mace ta shanya farin zane da safe, kafin rana ta take ya zama baƙi saboda hayaƙin masana'antun da ke ƙetaren gaɓa. Ruwa kan wayi gari jawur, kifi ya taso ciki sama, wari ya hana mutane cin abinci. Ita ta tara matan masunta, da goyo a bayansu, suka zauna a ƙofar masana'anta, aka kora su suka dawo, har aka sa wa bututun hayaƙi matata aka hana zubar da guba. Shi ya sa a ƙungiyar masu noman nori babu mai ɗaga hannu a kan zancen ruwa sai ya saci kallon nata hannun.

"In bana ta tafi a haka, jirgin ruwanmu zan sayar," Katsuji ya ce. "An yi mini maganar tuƙin babbar mota a tashar jiragen ruwa."

"Jirgin ubanka?"

"Ba a cin jirgi, Inna."

Ta ɗauki sandarta ta fita.

A ƙarshen gadar da ake ɗaure jirage ta tarar da Baba Genzo zaune a kan kujerar roba, ya jefa ƙugiya. Shi dai a masana'antar nan ya yi aiki har ya yi ritaya, kuma tun suna da baƙin gashi shi da Fusae ba su taɓa haɗuwa sun rabu ba tare da sun tsokani juna ba.

"Ga uwar wanki," ya ce. "Kin wanke teku, kin ɗauraye, kin matse. Saura guga."

"Kai da ka ƙare ƙuruciyarka kana hura mana hayaƙi, har kana da bakin magana? Me ka kama?"

"Mura."

Ta leƙa bokitinsa. Ruwa ne zalla.

"Jikata ta zo hutu ta ce tekunmu ya fi na talabijin kyau," Genzo ya ce. "Na ce mata haka ne, sai ta soya kyan mu ci. Ke dai leƙa ƙasa ki gani, in bayanki zai yarda."

"Bayana ya fi naka."

Ta dafa sanda ta sunkuya. Gani ya kori ji. Ruwan garau yake, har tana iya ƙirga duwatsun ƙasa in ta so. A da, ko a shekarun da ruwan ya fara warkewa, ƙananan kifaye kan yi baƙiƙƙirin a gindin ginshiƙan nan, kaguwa na hawa da sauka. Yanzu wani farin abu kaɗai ta ga yana lilo, ta ɗauka halittar ruwa ce, ashe leda ce. Wurin ya yi mata kama da ɗakin baƙi na gidan mai kuɗi, ba ƙura, ba kuma yaro ko ɗaya.

Ta daɗe a sunkuye, har Genzo ya daina dariya.

"Ciro ledar can da ƙugiyarka," ta ce. "Ko ba komai ka ce ka kama wani abu yau."

Zauren ƙungiya ya cika kafin ta iso. Aka ajiye takalma a bakin ƙofa, aka zagaya da shayi. Ta zauna can baya kusa da na'urar ɗumama ɗaki, Genzo ya biyo ta ya raɓe, wai shayi ya kawo shi.

Hukuma ta turo wani saurayi mai suna Horiuchi, sabon zuwa garin, da kwat da ta fi ƙarfin kafaɗarsa. Ya rusuna, ya yi bayani mai tsawo, ya ce ana iya sassauta matatar, sauran garuruwa ma sun gwada.

"Abu guda ke ba 'yan majalisa tsoro," ya ce. "Tsaftar ruwan nan abin alfaharin gari ne. Hoton jarumar da ta yi gwagwarmayar yana rataye a zaurenmu, da jariri a bayanta. Suna ganin taɓa dokar matatar cin fuska ne gare ta, marigayiya Fusae."

Genzo ya ƙware da shayi, sai da aka bubbuga masa baya.

"Ba ta mutu ba, ɗan nan," Iya Fusae ta ce daga baya. "Gwiwa ce dai ke damunta. Jaririn kuma ga shi can da sanƙo."

Katsuji ya shafa kansa. Dariya ta ɓarke, Horiuchi ya yi ta rusunawa har goshinsa ya kusa taɓa tebur.

"Ya isa, kar ka karye. Amsa mini. Gubar masana'anta za ta dawo?"

"A'a, Iya. Wannan dokar tana nan daram."

"Hayaƙi fa?"

"Ba a taɓa ta ba."

"Wa zai riƙa auna ruwan?"

"Mu, Iya."

"Ku da mu. Kuma norin farko da zai fito, kai da 'yan majalisarka za ku fara ci, a gabana, ba miya."

"Na yarda, Iya."

Ta dubi mazan da ke zaune, kowa ya yi kamar kofinsa yake kallo. In kiɗa ya canza, rawa ma dole ta canza, ko da kuwa mai rawar ce ta ɗinka gangar. Ta ɗaga hannu. Nan take hannuwa suka tashi ko'ina, Katsuji ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya.

Ba ta ko waiga gefenta ba ta ce, "Genzo, sauke naka. Ba ka cikin ƙungiya."