Ranar da Aka Yi Garkuwa da Muryar Mama

Ƙanena Evelio masanin kwamfuta ne. Shi ya koyar da kansa, shi ya yi wa kansa jarrabawa, shi ya ba kansa sakamako, kuma kowa a layinmu na Matanzas ya yarda, don babu wanda ya san abin da zai tambaye shi. Sana'arsa paketi. Duk Litinin ake kawo masa kayan kallo na mako daga babban birni Habana, fina-finai da ƙwallo da wasannin Turkiyya masu dogon zango, mutane su yi layi a falonmu da 'yan filashinsu ya zuba musu. Intanet kuwa sai a dandalin gari, ka sayi kati ka zauna a benci rana tana gasa ka. Don haka a unguwarmu Evelio ne intanet, ni kuma mai share masa ƙasa.

Ba ruwana da kwamfutarsa, abu ɗaya tak nake da shi a cikinta: bidiyon Mama. Kafin ta kwanta ciwon ajali, Evelio ya ari kyamara ya same ta a kicin tana tsintar baƙin wake. Ta juyo ta wanke shi tas, tun daga wandon da ke jikinsa har auren da ya ƙi yi. Hotunanta muna da su a bango, amma muryarta babu ita ko'ina sai a bidiyon nan. Tun da ta rasu ban iya buɗe shi ba. Kullum cewa nake sai ranar da zuciyata ta yi ƙwari.

Wata Talata da safe ina shanya sai na ji ya ce, "Yaya Migdalia, ɗan zo mana."

In Evelio ya haɗa mini Yaya da cikakken suna, to wani abu ya fashe. Na same shi a gaban kwamfuta ya yi tsuru. Duk abin da ya taɓa ba ya buɗuwa. Kowane fim, kowane hoto, sunansa yana nan amma an liƙa masa wata jela ta haruffa marasa ma'ana. A tsakiyar allon kuma ga wata doguwar sanarwa da Turanci, har da hoton kwaɗon ƙofa, saboda irinmu da ba su yi karatu ba.

Na ce, "Me ka sa mata?"

"Ba komai."

"Evelio."

"Wata 'yar manhaja ce ta zo a paketin jiya. An rubuta tana ƙara wa kwamfuta sauri. Kyauta ce fa."

"To ai ga sauri nan. Dare ɗaya ta gama da kai."

Ban tsaya jin ra'ayinsa ba na kira Yanelis, wadda ke da teburin gyara a ƙarƙashin benen kasuwa. Evelio ba ya ƙaunarta, don ita takardarta jami'a ce ta ba ta. Ta zo ta karanta sanarwar a tsaye, ko jakarta ba ta ajiye ba.

Ta ce, "Anti, garkuwa aka yi da kayanku. Suna nan, ko ɗaya bai fita daga ɗakin nan ba. An dai sa wa kowanne kwaɗo, makullin kuma yana hannun wanda ya aiko cutar. Cire cutar ba wuya, yau zan cire ta. Amma korar ɓarawo ba ta buɗe kwaɗo."

"In aka biya su fa?"

Ta dube ni, ta dubi fankarmu da aka ɗaure da waya. "Kuɗin intanet suke so, Anti, irin wanda ko hotonsa ba mu taɓa gani ba. Ko an sayar da gidan nan da ku a ciki ba zai kai ba. Kuma wa ya ce miki ɓarawo yana ba da rasit?"

Allah sarki, 'yan fashin nan. Sun zauna a wata ƙasa mai sanyi sun ɓata basira, sun jefa tarko, ya zo ya kama Evelio, mutumin da ke wanke ledar burodi ya shanya. Na so in tausaya musu, amma hankalina ya riga ya tafi kan bidiyon nan. Na ce mata ni fina-finai su ƙone, Mama nake tambaya.

Yanelis ta juya wajen Evelio. "Kana da kwafi a wani wuri?"

Nan take ya miƙe ya gyara wuyan riga. "Haba, ni fa? Yana cikin baƙin faifan nan babba."

"Yana ina?"

"Gidan Baba Baldomero. Tun Juma'a ya ara zai kwashi kallo."

Na ce, "Wato Mama yawon gidaje take yi?"

"Yaya, faifai mai girma haka ya zauna a kabad yana hutu? A ƙasar nan?"

Abin haushin, gaskiya ya faɗa. Mu nan ba a ajiye abu don ranar tsiya, kowace rana ita ce ranar. Faifan da ya kamata ya kwanta a ɓoye, shi ne ke zaga unguwa, yau gidan wannan gobe gidan wancan, Mama tana wani lungu a cikinsa.

Yanelis ta ce, "To wautarka ce ta cece ka. Tunda ba ya jone lokacin da abin ya faru, lafiyarsa ƙalau." Ta ɗauki hoton sanarwar da wayarta, ta kwafi ɗan fayil ɗaya a wani tsohon filashi, sannan ta kashe kwamfutar da hannunta. "Zan je dandali in duba ko wace iri ce, wasu an riga an gano makullinsu. Kafin in dawo, kada ka kunna ta. Kada ka jona mata komai. Cutar tana nan da ranta, duk abin da ka sa mata a baki za ta kulle. Ka ji?"

"Ai na san wannan," in ji masani.

Na saka silifa na nufi gidan Baba Baldomero, wani dattijo a layinmu, in ce masa ya riƙe faifan. Ƙofa a kulle. Maƙwabciyarsa ta ce an kawo kaji kanti, ya tafi layi tun da sassafe. Na je kantin, layi ya zagaye kwana ya sake zagayowa, ban gan shi ba. Na bar saƙo wajen duk wanda na sani na dawo.

Na tarar da falonmu kamar gidan makoki. Masu zuwa karɓar paketi sun ji labari, su kuma sun gaya wa waɗanda ba su zo ba. Kwamfuta kuwa a kunne. Wai wani tsohon malamin Turanci ne ya ce a nuna masa sanarwar ya fassara, Evelio kuma ya ga rashin ladabi ne a hana dattijo.

Na ce, "Kashe ta."

"Yanzu, Yaya. Malam ya kusa gamawa. Ai ban jona komai ba."

Malam yana karantawa yana gyara wa ɓarayin nahawu. Wata ta ce a binne kwamfutar a buhun shinkafa, haka aka yi wa wayar ɗanta. Wani ya ce a sa ta a firji cutar ta mutu. Direban tasi ya rantse aikin Amurka ne, kamar Amurka ta rasa abin yi sai hana matan layinmu ganin ko Baturkiyar nan za ta koma gidan mijinta. Kowa ya zo da taimako, mu ba a barin maƙwabci ya shiga uku shi kaɗai, sai an taya shi ya shiga tara.

Mutane a tsaye a gidanka kuma ba kofi, gobe ba ka da fuskar fita. Na shiga kicin na dafa, rabi kofi rabi gasasshen wake kamar kullum. Tukunyarmu ƙarama ce, sai da na ɗora sau uku.

Da na fito da tire, na ga Baba Baldomero zaune a gefen tebur, ledar kaza a cinya, yana fifita da hula. Kusa da gwiwar hannunsa ga baƙin faifai, 'yar fitilarsa tana ƙyaftawa da sauri.

Yana cewa Evelio, "Ai na daɗe da shigowa, ɗana. Na ga kana da baƙi, na ce kada in dame ka, na jona maka shi da kaina."

Haka ake yi a gidanmu shekara da shekaru. Wanda ya dawo da faifai shi ke jona shi, don a zuba masa na sabon mako. Tsohon nan kirki ya yi mana. Ban san lokacin da na ajiye tiren ba, na dai ga igiyar a hannuna na fizge ta.

Yanelis ta dawo ta kori kowa ba tare da ta ɗaga murya ba. Ta duba faifan a tata kwamfutar, wadda ta ce cutar ba ta jin yarenta. Fina-finan da ke can ƙarshe sun tsira, har da wani shirin koyon rawa. Mama kuwa, da yake Evelio ya sa ta a sama don girmamawa, da ita aka fara.

Na tambaye ta abin da ta gano a dandali. Ta ce wannan sabuwar iri ce, ba a samu makullinta ba tukuna. Wataƙila wata rana a kama masu ita, ko wani ya fasa ta ya saki makullin kyauta. Wataƙila kuma har abada.

Sannan ta yi aikinta, kuma ta iya. Ta tayar da kwamfutar daga wani filashi nata mai tsabta, ta farauto cutar har inda ta ɓuya, ta kwashe fayilolin da aka kulle gefe guda, ta goge komai ta sake zuba sabon tsari. Ta bi filashin duk wanda ya jona tun jiya ta duba. Ta ce wa Evelio daga yau abin da yake so ya rayu ya yi masa kwafi biyu, ɗaya a kulle a kabad, ko unguwa za ta mutu da kewa kada ya ba da aro. Ya ce to. Kafin la'asar kwamfutar ta dawo tas, ga sauri kamar sabuwa, babu komai a cikinta.

Baba Baldomero bai tafi ba, yana bakin ƙofa kazarsa tana narkewa. Da ya fahimci abin da aka rasa sai ya dafa ƙirji.

"Bidiyon Nereida, mahaifiyarku? Wanda take tsintar wake? Ai na taɓa ganinsa a faifan, na kwafe shi a tawa. Na sha dariya har da hawaye. Baki gare ta, Allah ya jiƙanta."

Na ce, "Baba, yana nan?"

Ya sunkuyar da kai yana murza hula. "'Yata, kin san kwamfutata ƙarama ce. Kowane mako sai an share an zuba sabo. Watan jiya wasan nan ya zo da kashi da yawa."

Yanelis ta bi shi gida duk da haka, ta ce wani lokaci abin da aka goge yana barin sawu. Ta dawo tana girgiza kai. An zuba wasu a kai, an share, an sake zubawa. Ban zagi tsohon ba. Da me zan zage shi, da abin da duk layin ke yi?

Kafin ta tafi ta miƙo mini wani ɗan filashi shuɗi. "Ga shi nan a kulle, Anti, cif yadda yake. Kada ki goge, kada ki ba kowa aro. Ni zan riƙa dubawa." Na sa shi a aljihun rigata. Nauyinsa bai kai na maɓalli ba.

Da yamma na dafa shinkafa da wake, muka zauna mu biyu. Na tanadi maganganu tun rana, masu zafi, na jera su yadda za su shiga. Amma na dubi Evelio, ya tasa kwano a gaba yana juya cokali, ƙaton mutum mai furfura a gemu, sai na ji sun tafi. Tausayinsa ya kama ni, kuma na ji haushin kaina da ya kama ni.

Ya ce, "Ni ma ban taɓa buɗe shi ba, Yaya. Tun ranar jana'iza."

Na tura masa kofin ruwa.

"Na tuna ta ce mini shashasha."

"Sakarai ta ce."

"Shashasha."

"Ina tsaye a bakin ƙofa, Evelio. Sakarai ta ce, sannan ta jefe ka da wake."

Ya shiga tunani, ni ma na shiga, kuma da na ƙara nutsuwa sai na ga ban tabbata ba. Can ya ɗago.

"Yaya, yadda take kiran sunana in ta fusata. Tana jan tsakiyar. Ɗan yi mini."

Na ajiye cokali, na gyara murya, na kira shi. Ya saurara da kyau, kansa a karkace. Na sake gwadawa, na ja tsakiyar sosai.

Ya ce, "A'a. Wannan ke ce."