Rigar Auren Mama

Mama ce za ta yi aure, amma ni mai shagon kayan amare ta kama da awo. Kafin in buɗe baki ta zagaye ƙuguna da tef, tana cewa amaren bana duk ba sa cin abinci.

"Ba ita ba ce," in ji Yaya. "Ga amaryar can."

Mai shago ta juya ta dubi Mama, wadda ta riga ta samu kujera kusa da fanka har ta cire takalmi ɗaya. Mama ta haura sittin, kuma Babanmu ya daɗe da rasuwa. Wanda za ta aura wani dattijo ne a bayan layinmu, Mai Agogo ake ce masa, ko da yake ya daina gyaran agogo tun da idonsa ya yi rauni. A layin karɓar magani suka haɗu. Ta karanta masa abin da likita ya rubuta, shi kuma ya riƙe mata jaka.

Yaya ta taho da tsarinta tun daga gida. Launi mai sanyi take so, wanda ba zai sa surukanta su yi magana ba. Saboda haka aka fara da wata riga ruwan toka mai dogon hannu. Mama ta shiga bayan labule ta saka, ta fito ta tsaya gaban madubi.

"Ta yi miki, Mama," in ji Yaya. "Akwai kamala."

"Na yi kama da kujerar ofis," in ji Mama.

Ta biyu matsattsiya ce, an zuba mata duwatsu har gadon baya. Mai shago ta ce irin wannan ɗinkin yana fito da ƙugu.

"Ƙugun nan ya haifi mutum biyar, 'yar nan. Ya yi ritaya."

Duk da haka ta gwada zama da ita. Ta zauna a hankali, ta miƙe da sauri, ta ce a cire mata. Ta uku tana da jela mai jan ƙasa. Mama ta yi taku biyu, ta waiwaya ta ga abin da ta kwaso, ta tambaya ko wurin taron ba su da mai shara ne.

Muna shirin tafiya wani shagon sai Mama ta nuna can saman kanta, inda aka rataye wata riga ruwan lemo mai ɗaukar ido. Mai shago ta ce tun bara take nan, ba wanda ya taɓa tambayarta. Da sanda aka sauko da ita.

"Mama, wannan ai ta masu aikin titi ce," in ji Yaya.

Mama ta saka rigar, ta ce da ni, "Auta, cire tabaraunki, ki tsallaka titi ki juyo."

Ni ba na gani sosai in babu tabarau. Na lallaba na tsallaka, na tsaya gaban wani kantin magani na juyo. Motoci da mutane duk sun dame sun zama abu ɗaya. A tsakiyarsu akwai wani abu ruwan lemo a bakin ƙofa, yana ɗaga mini hannu.

Da na dawo ta ce, "Kin gan ni?"

"Ke kaɗai na gani."

Ta gyara wuyan rigar a madubi. "Makon jiya a asibiti Mai Agogo ya je ya zauna kusa da wata mata, yana zaton ni ce. Ya daɗe yana ba ta labarin ciwon gwiwarsa kafin ta ce masa ba ita ba ce. Ya yi dariya, amma na ga yadda ya riƙe sandarsa bayan nan. Ba na so ranar bikin ya yi ta lalube a gaban mutane."

Yaya ta daɗe tana duba cikin jakarta ba ta ciro komai ba. Daga baya ta ce da mai shago hannun ya yi tsawo, a rage shi kaɗan.

Ranar taron Mai Agogo ya shigo, ɗansa na biye da shi zai kama masa hannu. Ya janye hannun, ya tsaya ya duba zauren, sannan ya miƙe tiryan-tiryan har gabanta. Kujera ɗaya kawai ya ture a hanya.

"Kin yi kyau," ya ce.

"Ka gani ne, ko ka ji ana faɗa?"

"Na dai ga wani abu, kuma ya yi kyau."

Mama ta ɗauke jakarta daga kujerar kusa da ita, ya zauna.