Dabbar Yagana da Gandun Gidansu

Duk Toranke an san Yagana 'yar Kolo tana ƙasar Sin tana karatun ƙasusuwa. Da na mutane ne, da an ce likita ce an huta. Na wata dabba ne da ta ƙare a duniya tun fil azal, wai ita dainoso. Ita ma ba ƙatuwar da ake nunawa a talabijin ba, wata 'yar ƙarama da ba ta wuce rago ba.

Abin ya tsaya wa Zunnuraini, yayan Kolo, a maƙogwaro. Shi ke riƙe da gandun gidan tun rasuwar mahaifinsu, maganarsa kuwa yankan wuƙa ce. Da aka gama cirar gyaɗa ya tara mazan gida a zaure.

"Na gaji da gori a kasuwar Ajingi. Kolo, kira 'yarka yanzu ka ce ta dawo. In ka ƙi, a raba gandu, kowa tasa ta fishshe shi."

Kolo ya san ma'anar rabo. Shanun huɗa na Yaya ne, fadama ma shi za ta bi. Shi sai fako.

Ya kira ta a waya, ya buɗe murya kowa na ji.

"Yagana, ga Baffanki da saƙo. Amma fara gaya mana, abin nan ƙadangare ne?"

"A'a, Baba. Bakinta irin na aku ne, da ɗan ƙaho a kumatu, a ƙeya kuma wani ƙashi mai faɗi kamar faifai. Ganye take ci, ƙwai take yi. Ta fi kusa da tsuntsu a kan damo."

Usaini, ƙanen su Kolo, ya ce, "Ashe ta yanku. A miƙo wuƙa." Aka kwashe da dariya, ban da Zunnuraini.

"To ke mene ne naki a ciki?" in ji Kolo.

"Ƙoƙon kai biyu ne a gabanmu. Malamaina sun ce uwa ce da ɗanta. Ni na ce jinsinsu daban, don haƙoran ba su yi kama ba. Na ƙi bin su."

"Kin tabbata?"

"Da saura, Baba."

"To zauna sai kin tabbatar. Ki ci abinci." Ya kashe wayar ya jefa aljihu.

Zunnuraini ya ce, "Mushe ka zaɓa a kan ɗan'uwanka?"

"Yaya, ko rabin abin da ta faɗa ban gane ba. Amma ban taɓa cire gyaɗar da ba ta ƙosa ba don maƙwabta na yi mini dariya."

"Za ka ci ƙasa, Kolo."

"Tawa ce ai." Ya miƙe, ya zura takalminsa. "Ka aika wa mai unguwa ya zo da igiyar awon gona."