Tsanin Rumbu

Mutanen wannan labari uku ne: ni Lawwali, da Muntaka ɗan ƙanena, da Malam Shekara, malamin jami'a mai duba bincikensa a Yamai.

A shekarar farin nan, zamanin mulkin soja, Muntaka ya dawo Matameye domin ya auna hatsin da ya rage wa mutane. Na lura har tafiyarsa ta sauya, hannuwa a baya, kowace magana sai "Malam ya ce". Maƙwabta suka fara raɗa cewa soja ne suka aiko shi.

Ya tambaye ni abin da ke cikin rumbuna. Na ce gero dami bakwai.

Ya ce, "Baba, Malam ya hana ni rubuta abin da idona bai gani ba."

Na ce, "Malamin naka bai gaya maka cewa ba a leƙa rumbun mutum yana raye ba?"

Sai ya jingina tsani ya hau. Bakwai ɗin ya iske.

An ce bincikensa ya sha yabo. Amma tun ranar kowa ya ɓoye tsaninsa, kuma "ɗan Shekara" ake kiransa a garin ubansa. Har yau ban san hannun da takardar binciken ta shiga ba.

Wanda ya ga kuskure, don Allah ya gyara mini.