Kifin Evaristo

Nereida na layin baya tana zare jijiyar ganyen taba lokacin da labarin ya faɗo zauren. Odalys, matar da ta gaji kujerar karanta wa ma'aikata bayan rasuwar Evaristo, ita ce ta tsinto shi a ƙasan shafin jarida. Ta gyara makirufo, ta karanta cewa Amurkawa sun ɗauki littafin nan na ƙasar sanyi, wanda kowa a masana'antar taba ta garin Cabaiguán ke kira littafin tsibiri, sun mai da shi fim.

Ba ta kai aya ba zaure ya kaure. Masu naɗin taba ɗari da 'yan kai suka shiga buga wuƙaƙensu a kan allunan aiki, don a nan haka ake tafi.

"Kifin!" in ji Migdalia, wadda ke zama kusa da Nereida tun suna 'yan mata. "Jama'a, za mu ga kifin da idonmu!"

"Zauna, uwar surutu," Tsoho Anselmo ya ɗaga murya daga layin gaba, ko waiwayowa bai yi ba. "Amurkawa ba sa dukan mutum da kifi. Bindiga za su ba 'yar sandar labarin."

"In suka ba ta bindiga ni da su ne!"

Nereida ta yi dariya tare da kowa. Amma mijinta Evaristo ne ya karanta musu littafin shekara huɗu da suka wuce, kuma ita kaɗai ta rage a garin da ta san babu kifi a cikinsa.

Shekara ashirin da shida Evaristo ya yi a kan dandamalin zauren, da safe jarida, da yamma labari, mutane na aiki suna saurare. Littafin tsibiri wani ɗan uwansa mai aikin jirgin ruwa ne ya kawo shi daga Sifen, kauri kamar bulo, ya sha hannu. Ma'aikata suka ɗaga hannu suka zaɓe shi. Labarin wata yarinya ce da aka tsinta a mace cikin ƙanƙara, da 'yar sandar da ta rantse sai ta gano wanda ya kashe ta. Wata biyu ba a yi wata magana a garin ba sai ita.

To Evaristo yana da doka: ba ya leƙa ƙarshen littafi. Babi ɗaya tak yake dubawa da safe yana kurɓar gahawa, wai in mai karatu ya san mai laifi muryarsa za ta tona shi. Saboda haka sai da ya rage kwana uku a gama, ya juya shafi a kicin ya tarar da bango. Shafi arba'in na ƙarshe babu su, sun faɗi tun a wani hannun.

"Nere, mun shiga uku," ya ce.

"Ka faɗa musu mana."

"In ce musu me? Anselmo ya daina cin abinci saboda yarinyar nan. Su cinye ni ɗanye?"

Ya ɗauko littafin rubutu na 'yan makaranta. Kwana uku yana rubutu, ita tana feraye rogo tana ba shi baki. Ita ta ce likitan tsibirin ne ya yi kisan. Shi ya ce to a kan jirgin fito za a kama shi. Da suka rasa makamin da 'yar sandar za ta riƙe, Nereida ta ce ai an ce a ƙasar komai daskarewa yake kamar dutse, sai ta rafka masa daskararren kifi a ƙeya. Evaristo ya yi dariya har ya ƙware. Suka kuma aura wa 'yar sandar mai jirgin fiton, don baiwar Allah ta sha wahala. Nereida ta sa zare da allura ta ɗinke takardun a cikin bangon, yadda na layin gaba za su ga yana juya shafi. Ranar da ya karanta ƙarshen, sai da manaja ya fito daga ofis ya ga ko gini ne ke rushewa.

Yanzu wata bakwai kenan da binne Evaristo.

Makonnin da suka biyo bayan labarin fim, zauren kamar gidan biki. Aka raba wa 'yan wasan Amurka matsayi ba tare da an tambaye su ba. Matan layin baya suka ce dogon nan mai rami a haɓa shi zai yi mai jirgin fito. Maza suka ce wannan ai ya tsufa, ko kwale-kwale ba zai iya turawa ba.

"Wa ke maganar tsufa?" in ji Migdalia. "Anselmo? Kai da haƙoranka ke kwana a kofi?"

"Su kwana a kofi, ƙanwata, amma ba su taɓa cizon miji ba kamar naki."

"Sau ɗaya ne, kuma shi ya ja!"

Kullum sai an ambaci Evaristo. Wani ya kwaikwayi yadda yake shaƙe murya in likita zai yi magana, wata ta tuna yadda ya miƙe tsaye ya ɗaga littafin sama kamar shi ne kifin. Nereida, wadda tun jana'iza take zuwa aiki ta koma gida ba ta ce wa kowa ƙala ba, sai ga ta da jan baki ranar Laraba. Har ta kama kanta tana musu a kan ko kifin zai kai tsawon hannu. Daɗi take ji, daɗi na gaske, sai dai duk lokacin da dariyar ta lafa sai ta tuna takardun nan da ta ɗinke.

Yamilé, 'yar Migdalia da ke zaune a Miami, ta aiko da tallan fim ɗin a filas, ɗan abin nan da ake soka wa kwamfuta. Lokacin cin abincin rana mutum arba'in suka cusa kai a ofishin manaja don kallon minti biyu. Aka ga ƙanƙara, aka ga mota, aka ga wata siririyar mace tana gudu. Aka sake kunnawa har sau shida.

"Ina kifin?" wani ya tambaya.

"Kai ma dai," in ji Anselmo, wanda tuni ya sauya sheƙa. "Wace mai abinci ce ke nuna naman miya tun daga ƙofa?"

Ranar Litinin Migdalia ta shigo ko ɗankwali ba ta ɗaura daidai ba. Ba ta nufi kujerarta ba, tsakiyar zaure ta tsaya.

"Yamilé ta kalla jiya! Ta kira ni. Jama'a, sun kashe mu. Wai ba likita ba ne!"

"Wane ne to?"

"Wai ogan 'yar sandar ne, wannan mai ba ta alewa. Likita tun tsakiyar fim ya mutu. Babu jirgin fito, babu aure, ta shiga mota ita kaɗai ta tafi. Na ce kifin fa? Ta ce, Mama, wane kifi?"

Zaure ya hargitse. Wani ya ce dama me ake tsammani daga mutanen da ke shan gahawa kamar ruwan wanke kwano. Wata ta ce marubucin ya kai su ƙara. Anselmo ya miƙe ya ce ba za a zauna a yi shiru ba, wasiƙa za a rubuta wa kamfanin fim ɗin, kowa ya sa hannu, Yamilé ta kai musu har ƙofa. Aka ɗaga hannu, ba wanda ya ƙi. Odalys ta ce to amma wasiƙa sai da hujja, a kwafo musu shafin da suka yar.

"Wannan mai sauƙi ne," in ji Anselmo. Ya juyo ya dubi layin baya. "Nereida, 'yata, gobe ki zo mana da littafin marigayi."

Da ta koma gida da yamma ta sauko da shi daga saman kwaba, ta zauna a kicin da shi a cinya. Tana iya cewa gara ta ci shi. Za su yarda, wa zai ƙaryata matar marigayi? Amma wasiƙar za ta tafi duk da haka, wata rana kuma wani zai shigo garin da cikakken littafi, a kira Evaristo maƙaryaci a bayan idonta, ba mai faɗin yadda aka yi. Ta buɗe bayan littafin. Ga rubutunsa nan mai kwanciya gefe, ga ɗigon man da ya fantsamo daga kaskonta a shafi na uku.

Washegari ta hau dandamalin da ba ta taɓa takawa ba. Odalys ta matsa mata. Makirufo ya yi ƙara, ta ja baya, ta sake matsowa.

"Ni ba ni da ilimin magana," ta ce. "Amurkawa ba su ɓata komai ba. Littafin nan ba shi da ƙarshe, haka ya zo. Evaristo ne ya rubuta muku. Ga shi, ni na ɗinke da hannuna."

Ta ɗaga shi sama. Takardun makaranta suka buɗe, baƙin zare na reto. Hannuwa suka tsaya a kan ganye. Tana jin ƙarar fankar sama.

"Bai yi don ya raina ku ba," ta ce. "Tsoro ya ji. Ya ce kun jira wata biyu. In akwai zagi ku zage ni, ni na ce likita ne."

Anselmo ya cire tabarau a hankali. "Kina nufin surukina na Havana gaskiya ya faɗa, da ya ce shi ma ya karanta kuma ba likita ba ne? Shekara huɗu ba na gaishe shi! Na ce masa bai iya karatu ba, a gaban matarsa!"

Migdalia ce ta fara. Dariyar ta kuɓuce mata ta hanci, ta kifa kai a kan ganye tana dukan cinya. Layin baya ya kama, ya bi zauren har gaba, har Anselmo ya zauna daɓas yana share ido yana cewa, "Ɗan banza Evaristo, Allah ya jiƙanka, ɗan banza!"

"Tsaya, Nere," Migdalia ta ɗago da ƙyar. "Me likita ya yi miki?"

"Ba ya amsa gaisuwa. Tun babi na biyu na tsane shi."

"Kifin fa?"

"Shi ma nawa ne."

"Shekara huɗu ina zaune kusa da mai kifi ban sani ba!"

Odalys ta karɓi makirufo ta tambaya ko a fasa wasiƙar kenan.

"A fasa me?" in ji Anselmo. "Mace ta sha wannan wahala a ƙanƙara, a sallame ta a mota ita kaɗai ko miji babu? Wannan ƙarshe ne? A kwafe na Evaristo tsaf a aika musu, su ga yadda ake yi. In suna da kunya su sake ɗauka."

Aka sake ɗaga hannu. Odalys ta ɗauko biro ta ce sunan wa za a rubuta a sama.

"Evaristo Quiñones," in ji Nereida.

"Da matarsa," in ji Migdalia. "Rubuta, malama, kar ki saurare ta."

Nereida ta sauko, ta koma kujerarta ta jawo ganye. Kafin ta zare jijiya uku, layin gaba sun fara musun wanda zai raka Anselmo Havana ba da haƙuri.